Darasi: Haƙƙin Magen Unguwa a Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ciyar da kowace halitta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Wata ranar Asabar da yamma wani yaro ɗan ajina, wanda bai wuce shekara 9 ba, ya shigo makaranta a makare, idonsa ya yi ja. Na tambaye shi abin da ya tsayar da shi, sai ya ce Ummansa ce ta aike shi bola ya zubar da 'ya'yan mage. Guda huɗu ne a cikin buhu, ko ido ba su buɗe ba. Ya ce, "Malama, har na juyo ina jin kukansu." Ranar bai iya biya haddarsa ba.

Bayan kwana biyu na je gidan. Uwar yaron mutuniyar kirki ce, mai sallah, mai zumunci. Ta ce mini, "Malama, ya zan yi? Haihuwa ta uku ke nan magen nan ta yi mini a sito. Ga kashi a bayan buhun masara, ga muzurai sun hana mu barci, sun cinye mini 'yan tsaki shida. Ni fa na gaji." Na san da yawa daga cikinmu za su iya faɗin irin wannan magana. Shi ya sa na ga ya dace darasinmu na wannan fitowa ya tsaya a kan magunan da ke yawo a unguwanninmu ba su da mai su: wane haƙƙi suke da shi a kanmu, kuma ta wace hanya za mu rage yawansu ba tare da mun ɗauki alhaki ba?

Matsayin mage a addininmu

'Yar'uwa, ina tsammanin kin san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda mage. Ta ɗaure ta har ta mutu, ba ta ba ta ci ba, ba ta ba ta sha ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ki lura da kyau, matar nan ba yanka magen ta yi ba, ba duka ta yi mata ba. Hana ta hanyar rayuwa kawai ta yi. To jaririn magen da aka raba da nonon uwarsa aka ƙulle a buhu, wace hanyar rayuwa aka bar masa?

A waɗannan littattafai biyu kuma akwai labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana wa sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Kabsha 'yar Ka'abu bin Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada (RA) ruwan alwala, sai mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga tana kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakaninmu. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi ma, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, wato Abu Huraira (RA).

Saboda haka maganganun da muke ji, wai baƙar mage mayya ce, ko wai duk magen da ta yi kuka a kan katanga da dare turo ta aka yi, camfi ne. Kukan da kike ji, mafi yawa kukan neman barbara ne ko faɗan muzurai. Ki yi addu'o'inki na kwanciya barci, ki bar baiwar Allah.

Me ya sa zubarwa ba ta magance matsalar?

Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6 da haihuwa. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Takan haifi 3 zuwa 5 a lokaci guda, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, idan aka ɗauke mata 'ya'ya ta daina shayarwa, cikin 'yan makonni za ta sake neman namiji. Kin ga ashe wadda ta zubar da jarirai gaggauta haihuwa ta gaba ta yi.

Su kuma waɗanda aka bari a titi, yawancinsu ba sa rayuwa. Wani bincike da likitocin dabbobi suka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga a 2004, ya nuna cewa kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan magunan titi suna mutuwa ko su ɓace kafin su kai wata 6. Yunwa, cuta, mota, karnuka, jifan yara. Ana haihuwarsu ne kawai su sha wahala su mutu.

To a zuba guba mana, in ji wasu. Wa'iyazu billahi. Ban da zunubin, gubar nan kaji suna ci, yaro mai rarrafe yana iya kaiwa bakinsa. Sannan muddin akwai bola da ragowar abinci da ɓeraye a wuri, idan aka kawar da magunan da ke nan, wasu ne za su taso daga maƙwabtan unguwanni su maye gurbinsu. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma kuskuren masu tausayi. Wata baiwar Allah za ta riƙa zuba abinci kullum, tana neman lada, kuma in sha Allahu tana samu. Amma magen da ta ƙoshi ta fi haihuwa, 'ya'yanta sun fi rayuwa. Kafin shekara biyu uku sun zama ashirin, abincin ya kasa, maƙwabta sun fara ƙorafi, daga nan sai a koma ga buhu da bola. Ciyarwa rabin aikin ce. Sauran rabin shi ne tsayar da haihuwar.

Darasi daga Santambul

Bari mu leƙa wani birni na Musulmi da ya daɗe da fuskantar wannan al'amari, wato Santambul ko Istanbul a ƙasar Turkiyya, mai mutane sama da miliyan 15. Magunan titi a can ba su ƙirguwa, a kasuwa, a tashar jirgin ruwa, a harabar masallatai. Tun zamanin Daular Usmaniyya mutanen birnin suke ciyar da dabbobin titi a matsayin sadaka, har a wancan zamani akwai masu sana'ar yawo da hanta da nama, mai neman lada ya saya a ba maguna. Har yau za ki ga kwanukan ruwa da na abinci a bakin shaguna, da 'yan ƙananan ɗakuna na katako da mutanen unguwa suke ajiye musu saboda sanyi. A 2016 hotunan limamin masallacin Aziz Mahmud Hudayi, Mustafa Efe, sun zagaya duniya saboda ya bar maguna suna fakewa a masallacin lokacin hunturu.

Amma ba a tsaya ga ciyarwa ba. A 2004 Turkiyya ta kafa dokar kare dabbobi mai lamba 5199, wadda ta ɗora wa hukumomin birane kama dabbobin titi, a yi musu aikin hana haihuwa da allurar rigakafi, a mayar da su inda aka ɗauko su. A 2024 an sauya dokar game da karnuka, aka ce a riƙa tsare su a gidajen ajiya, amma maguna suna nan a unguwanninsu. Hukuma tana da likitoci da asibitocin dabbobi, sai dai ba ita ta san kowace mage ba. Masu sa kai na unguwa, da yawansu matan gida da tsofaffi, su ne suka san wadda ta haihu da wadda ba ta da lafiya, su ne suke kamawa su kai, su kula da ita bayan aiki.

Ko wannan hanya tana rage yawansu da gaske? A harabar Jami'ar Tsakiyar Fulorida a Amurka masu sa kai sun fara irin wannan aiki a 1991. Da aka ƙirga a 1996 an sami maguna 68, zuwa 2002 sun koma 23. Abu biyu suka haɗa: aikin hana haihuwa, da samar wa ƙanana da masu sabo da mutane gidajen da za a riƙe su. Ki lura da shekarun, aiki ne na haƙuri. Masana kuma sun yi ƙiyasin cewa sai an yi wa mafi yawan magunan wuri, kamar uku cikin huɗu ko fiye, kafin a ga adadin ya fara sauka. Idan an yi wa biyu an bar goma, ba za a ga bambanci ba.

Mene ne aikin?

Likitan dabbobi ne yake yin sa, bayan ya yi wa dabbar allurar barci yadda ba za ta ji zafi ba. Muzuru ana yi masa dandaƙa, wato fiɗiya, a cire 'ya'yan maraina, aikin 'yan mintoci. Mace kuwa ana ɗan tsaga cikinta a cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai a ɗinke. A lokacin ne ake yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, sannan a yanke ɗan tsinin kunne ɗaya, kamar santimita 1, tun tana cikin barci, don a gane ta daga nesa kada a sake kama ta.

Bayan aikin kukan dare yana raguwa sosai, haka faɗan muzurai da fitsarin nan mai wari da suke fesawa a bango. Kamun ɓera kuwa yana nan, ba ya tafiya. Ba zan ɓoye miki ba, son 'yan tsaki ma yana nan, maganinsa akurki mai ƙofa.

Shari'a ta yarda?

Wannan ita ce tambayar da na san tana ranki, kuma malamai sun yi saɓani a kai tun da. Wasu magabata sun fassara canja halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i aya ta 119 da dandaƙar dabbobi, don haka suka ƙi abin. Wasu kuma sun kafa hujja da ruwayar da ta zo cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da muke karantawa a makarantunmu, an halatta dandaƙar tumaki da awaki saboda gyaran nama, an hana ta dawaki. Kowa a cikinmu ya san taure. Malaman Shafi'iyya sun taƙaita halaccin ga ƙananan dabbobin da ake cin namansu. Malaman Hanafiyya kuwa sun faɗaɗa, har suka ambaci mage da sunanta, suka ce babu laifi idan akwai amfani ko kawar da cuta. Daga malaman zamani, Shaikh Muhammad bin Salih al-Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya ba da fatawa cewa idan maguna sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cutar da su ba, babu laifi, domin ya fi a bari a halicce su sannan a kashe.

Game da yanke tsinin kunne, abin da ayar ta zarga shi ne tsaga kunnuwan dabbobi irin na Jahiliyya don keɓe su ga gumaka. Sanya alama saboda buƙata kuwa, Anas (RA) ya ga Manzon Allah (SAW) yana yi wa tumaki alama, mai ruwayar ya ce yana zaton a kunne ne. A fuska ne aka hana.

Abin da na fahimta, kuma nake karantarwa, shi ne halacci da sharuɗɗa uku: a sami buƙata ta gaskiya, ƙwararren likita ya yi, kuma a yi da allurar kashe zafi. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malamin da ta amince da iliminsa. Amma mu sani, saɓanin a kan dandaƙa yake. Ƙulle jarirai a buhu su mutu da yunwa babu malamin da ya halatta. Wallahu a'alam.

Abin da za mu iya yi a unguwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga matakai, ki kai su ga ƙungiyarku ko ajinku na Islamiyya:

1. Ki fara da shawartar maigida da neman izininsa. Idan ya gamsu, shi zai kai maganar ga mai unguwa da liman, kuma shi ko samarin gida ne za su yi zirga-zirgar asibiti.

2. Ku ƙirga. Mata huɗu ko biyar na layi ɗaya su rubuta magunan da suke gani a mako guda: launi, mace ko namiji, mai ciki ko mai shayarwa.

3. Ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya na ciyarwa, nesa da ɗakin girki da wurin wasan yara. Bayan rabin awa a kwashe abin da ya rage, kada ya jawo ɓera da ƙuda. Ruwa kuwa a bar shi kullum, musamman a bazara.

4. Ku je asibitin dabbobi na gwamnati ko na kuɗi ku tambayi ko suna yin aikin da nawa ne. Jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Ku nemi ragi idan za ku kawo da yawa. Ku kuma sa ido a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, domin a wurare da dama akan yi allurar rigakafi kyauta.

5. Ku yi asusu irin na adashi, kowa abin da ya sawwaƙa. Ku fara da matan maguna, su ne masu haihuwa. Mai ciki a bar ta ta haihu, mai shayarwa a jira ta yaye.

6. Kada a kama magen da ba ta saba da mutane ba da hannu. A sa abinci a cikin keji mai ƙofa na 'yan kwanaki har ta saba shiga, sannan a rufe, a lulluɓe kejin da tsohon zane don ta natsu. A bi umarnin likita game da hana ta abinci kafin aiki.

7. Bayan aiki a ajiye namiji kwana 1, mace kwana 2 zuwa 3 ko yadda likita ya ce, a wuri mai inuwa. Sannan a mayar da ita daidai inda aka kama ta. Kai ta wata unguwa zubarwa ce da wani suna.

8. Jarirai a bar su da uwarsu har mako 8. Idan ana ɗan taɓa su tun suna mako 2 zuwa 7 za su saba da mutane, a samu mai so. Masu shagon hatsi da masu rumbu suna neman mage.

Abubuwan da za a kiyaye

Don Allah kada a ce wanzami ko mahauci ko wani mai ƙarfin hali ya yi dandaƙar a gida, ko a ɗaure da roba. Wannan azabtarwa ce, kuma tana kisa. Kada a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka a rage ba ta ragowar miya. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo.

Ke mai juna biyu, ki bar wa wani kwashe kashin mage. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplazma da kan fito a kashin, wadda ke iya cutar da ɗan da ke ciki idan uwa ta kamu a lokacin goyon cikin. Ƙwayar ba ta fara harbi sai kashin ya kwana 1 zuwa 5, shi ya sa kwashewa kullum take da amfani. Idan dole ke za ki yi, ki sa leda a hannu ki wanke da sabulu. Ana kuma samun cutar a naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, saboda haka korar mage kaɗai ba ta isa kariya ba. A rufe yashin da yara ke wasa a kai.

Idan mage ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kusan duk masu kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke samu, amma mage ma tana iya ɗauka, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, mutane ba su ƙoshi ba ana ta mage?" Gaskiya ne, maraya da miskini da maƙwabci su ne a gaba, kuma ban ce a rage musu ko ƙwaya ba. Wadda ba ta da halin asusu, kan kifi da kwanon ruwa ba su fi ƙarfinta ba. Wadda ba ta da ko wannan, to ta kame hannunta, ta hana yaranta jifa. Shi ma sadaka ce.

Abin da ya fi damuna a labarin da na fara da shi, yaron ne. Da safe muna karantar da shi rahama, da yamma mu miƙa masa buhu. Idan aka aike shi sau biyu sau uku, wata rana zai dawo idonsa bai yi ja ba, kuma wannan zuciyar ce zai riƙe ƙannensa da matarsa da mu kanmu idan mun tsufa.

Uwarsa ta yi nadama, ta yi istigfari. Ita da maƙwabtanta uku suka haɗa kuɗi, mijinta ya kai magen asibitin dabbobi. Tana nan a gidan da ɗan yankakken kunnenta, tana gadin buhunan masara, kuma yaron ne yake zuba mata ruwa kafin ya taho makaranta. Sauran magunan layin suna nan ba a gama da su ba, ana bi ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da asusun ya tara.

Aikin gida na wannan fitowa: ki ƙirga magunan layinku a wannan mako, ki ajiye kwanon ruwa a inuwa, ki karanta wa yaranki hadisin matar nan da magenta.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu da na zuriyarmu, Ya yafe mana abin da muka aikata cikin rashin sani, Ya yi mana rahama ranar da muka fi kowa buƙatarta. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.